Wasan Da Babanku Bai Buga Ba

Tun kafin a ɗaura mana aure da babanku nake tsoron ƙafarsa. Manomi idan ya ji ciwo, ƙannensa za su shiga gonar su yi masa noma. Tela idan idonsa ya yi rauni sai ya sa tabarau ya ci gaba. Shi kuwa babanku, abincinmu gaba ɗaya a kan gwiwoyinsa yake tsaye, kuma sana'ar tasa ita ce ƙarti su yi ta binsa da gudu suna neman taɗe shi. Ni 'yar Gaya ce, gidanmu ba shi da nisa da filin makaranta, kuma tun yana bugawa a can nakan ji ihun 'yan kallo daga tsakar gida. Sauran 'yan mata in sun ji ihun sai su ce an ci. Ni kuwa sai in ce an karya wani.

Ummi, Abba, karatuna bai yi nisa ba, kun sani, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Yadda na gani zan faɗa.

Daga Gaya ƙwallo ta kai shi Kano, daga Kano wani mutum ya kwashe su su da yawa zuwa gwaji a waje. Wasu suka dawo, wasu har yau ba a san inda suka tsaya ba, shi kuwa Allah ya ajiye shi a Italiya. Lokacin ina da cikin Ummi, aka mayar da ni gidansu a Toranke, wajen Baba da Inna, kakanninku. Abin da mutanen garin ba su taɓa ganewa ba, ni ma sai da ya yi ta yi mini bayani a waya, shi ne ƙwallon can hawa-hawa ce kamar gidan bene. Waɗanda ke can sama su ake nunawa a talabijin. Babanku yana ƙasa, inda kulob ɗin na ɗan ƙaramin gari ne a bayan duwatsu, inda golansu da safe burodi yake gasawa, inda 'yan kallo tsofaffi ne masu huluna da suka san sunan uban kowane ɗan wasa. Ɗan baya ne, aikinsa hana ci. Kwantiraginsa na shekara ɗai-ɗai ne, in kakar wasa ta ƙare sai a duba a gani, ko a riƙe shi ko ya ɗauki jakarsa ya nemi wani garin. Ya ce suna kwana su da yawa a gida guda, suna tafiya wasa a bas, wata tsohuwa tana dafa musu taliya har ya gaji da ganinta. Abin da yake samu ya rufa mana asiri, ya sa kwano a ɗakunan gidan, ya saya wa Baba shanun huɗa. Bai kai na mota ba.

To a Toranke akwai gidan kallo. Duk ƙarshen mako samari sai su cika shi, in an sa wasan Italiya su zuba ido suna jiran ɗan garinsu ya fito. Shekara ta zagayo bai fito ba. Sai wani ya zo da labarin cewa ai baƙaƙen fata a can tsintar tumatir suke yi a gonakin Turawa. Shi ke nan. Da farko Nasiru Italiya ake ce masa, sai ya koma Mai Tumatir. Ya turo bidiyo a waya, aka kalla a teburin mai shayi, aka ce, wannan filin ai na firamarenmu ya fi shi jama'a, kuma riga kowa ma yana iya saye ya sa.

Baba yana jin duk wannan. Kullum bayan la'asar yana zaune a ƙofar masallaci da carbinsa, ana yin maganar a gefen kunnensa, wani lokacin ma da gangan. Bai taɓa tankawa ba, kuma ba zai iya ba, saboda babanku ɗan fari ne. Ku yaran yanzu kuna kiran kowa da sunansa, amma a gidanmu ba haka ba ne. Baba bai taɓa faɗin sunan babanku ba, sai dai ya ce yaron nan ko wancan. Ba ya yabonsa, ba ya kare shi, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Ko lokacin da yake bugawa a gida, ƙafar Baba ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba. In an bugo waya daga Italiya, sai ya tashi ya ce zai duba dabbobi, amma na lura garken da yake dubawa kullum wanda ke jikin tagar ɗakina ne.

Shekarar da nake so in ba ku labari, ya zo hutu a farkon damina, ana saura kaɗan Babbar Sallah. Ummi tana bayana, ba ta fara tafiya ba. Ina leƙe ta zaure na ga saukowarsa daga adaidaita, na ga ya fara ajiye ƙafar dama, ya dafa ƙarfen, sannan ya jawo ta hagu. Da ya shigo ɗaki ya yi nafila, ina ninke kaya ina satar kallonsa, sai na ga a zaman tahiya ya zame ƙafar hagun gefe, bai zauna a kanta ba. Yana sallamewa na ce,

"Me ya sami gwiwar?"

"Wace gwiwa?"

"Wadda ba ta zaman tahiya."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai Sa'a, da alƙalin wasa aka sa ki, babu ɗan wasan da zai ƙarasa wasa."

Ya naɗe wandon. Tabo ne ƙanana kamar an ɗora ƙwayar wake. Ya ce an yi masa ɗan aiki a ciki kafin ya taho, likitan kulob ya ce kada ya kuskura ya shiga wasa duk tsawon hutun, sai dai motsa ƙafa a ɗaki. In ya koma za a gwada gwiwar, in ta yi a sa hannu a sabon kwantiragi, in ba ta yi ba shi ke nan.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce. "Ko Inna. Yanzu sai a ɗauko mini mai ɗori."

Ba a kwana biyu ba sai ga Iliya, ɗan ƙanen Baba, shi ne shugaban samarin unguwa. Iliya yana son babanku tsakani da Allah, ya sha yin dambe a gidan kallo saboda shi. Ya zauna a bakin tabarma yana zumuɗi, ya ce sun shirya wasa da 'yan Gafasa, garin da ke maƙwabtaka da mu, washegarin Sallah, har an yi shela da lasifika ranar kasuwa.

"Yaya, ka fito ka rufe musu baki. Wallahi na gaji da faɗa, duba haƙorina. Ka taɓa ƙwallon nan sau biyu kawai su ga bambanci."

Ina bayan labule ina jira in ji ya ce a'a. Sai na ji ya ce,

"Ba komai, zan ɗan shiga in fito."

Na san filin firamaren da za a yi wasan. Ta gefensa muke bi zuwa famfo. Shanun maƙwabtanmu Fulani ta ciki suke ratsawa in za su kiwo, kuma in an yi ruwa kofatonsu yana nutsewa, rana ta fito sawun ya bushe ya zama ramuka, ciyawa ta tsiro ta rufe. Ni da nake tafiya a hankali da tulu na sha turguɗewa a ciki. Yaran garin sun saba, ƙafarsu ta san kowane rami. Kuma na san 'yan Gafasa: duk wanda ya taɗe ɗan Italiya a ranar, ya sami labarin da zai ba jikokinsa.

Na faɗa masa haka bayan Iliya ya fita. Ya ce,

"Kina ganin don kaina zan yi? Ni ba da daɗewa ba zan tafi, ba na jin abin da suke faɗa. Tsohon nan fa? Kullum yana zaune ana yi masa dariya a ƙofar masallaci, bakinsa a ɗaure. Bai taɓa ganina da ƙwallo ba. Ko bai zo ba, a ƙalla a je a gaya masa."

"In ƙafar ta tafi, masu dariyar ne za su ba ka wata?"

"Sa'a, ki bar maganar nan."

Na bar ta a bakina, amma ba ta bar ni ba. Ranar Sallah kowa yana murna, ni ina yanka albasa ina kallon ƙafarsa duk inda ya gifta. Da muka keɓe da Inna a madafi muna suyar nama, na kewaya na kewaya, na ce mata kamar Baban Ummi ba ya jin daɗin ƙafarsa. Ta ci gaba da juya nama, ba ta kalle ni ba.

"Kina tsammanin ba ni da ido? Tun ranar da ya zo na gani."

"To Inna, ki yi masa magana."

"Zai ce mini to, ya fita ya yi abin da ya ga dama. Mai gidan ne kaɗai zai hana shi. Ni kuwa tun da na haife shi ban taɓa kai wa Malam maganarsa ba, ba yau zan fara ba da furfura a kaina."

Can ta ƙara da cewa, "Ke ma ba huruminki ba ne," amma a hankali ta faɗa, kamar mai tambaya.

Ku gane, tun da aka kawo ni gidan, tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, daga nesa, a durƙushe, kaina a ƙasa. In na hango shi a hanya sai in canja hanya. Suruka ba ta zama ta yi zance da uban mijinta, balle ta kai ƙarar mijin, balle kuma ta tona abin da ya ce ta rufe. Washegari da hantsi, babanku ya fita kai nama gidan 'yan uwa, Baba yana zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na goya Ummi, na sa hijabi, na cire takalmina tun daga tsakar gida. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa. Na ƙi tashi. Ya ɗago.

"Lafiya, 'yar nan?"

Na faɗa masa duka, ina kallon ƙasa: aikin da aka yi, abin da likita ya ce, gwajin da ke jiransa, ramukan filin. Da na gama ya ci gaba da goga wuƙa a jikin ƙotar.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a, Baba. Cewa ya yi kada in faɗa."

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani, Baba."

"To. Tashi ki je, yarinyar na jin rana."

Ban san ko ya ji haushi ba, ban san ko zai yi wani abu ba. Da babanku ya dawo ya ci tuwo, Baba bai kira shi ba. Azahar ta wuce, bai kira shi ba. Na ce a raina na zubar da mutuncina a banza.

Bayan la'asar filin ya cika maƙil. 'Yan Gafasa sun zo a babura, uku-uku, har da masu kalangu. Masu rake da masu ƙanƙara sun kafa. Mu mata muna can bayan azuzuwa muna leƙe. Babanku ya fito da jesinsa ta can da takalmansa, yana ɗan tsalle a gefe, jama'a na ta ihu, wasu na Italiya, wasu na Tumatir. Alƙalin wasa ya sa usur a baki ke nan sai na ga mutane suna darewa ta wajen hanyar masallaci. Baba ne, da babbar rigarsa ta Sallah da sandarsa. Bai tsaya a gefe ba, ya ratsa har tsakiyar fili inda aka ajiye ƙwallon. Masu kalangu suka tsaya. Bai ɗaga murya ba, amma har inda muke mun ji.

"Wancan yaron ba zai buga ba. Ni na hana."

Iliya ya rugo ya tsuguna. "Baba, don Allah, jama'a sun taru, har daga Gafasa..."

"Na gan su. Ba makaho ba ne ni. Ku yi wasanku."

Bai ba da dalili ba. Da ya ce ƙafar ce, da wasu sun yarda, amma ga wayoyi a ɗage ko'ina, kuma ya san sirri ne. Sai ya bar su da abin da suke zato. Wani daga cikin 'yan Gafasa ya yi ihu, "Malam ya zo ceton tumatir kada ya fashe!" Filin ya kwashe da dariya, har da wasu 'yan Toranke. Wani ya ce, "Dama mun faɗa!" Na ga babanku ya tsaya kamar an dasa shi. Yana iya cewa Baba ka yi haƙuri ya shiga, jama'a za su goya masa baya. Sai ya zauna a ƙasa a gaban kowa, ya kwance igiyar takalman, ya riƙe su a hannu, ya bi bayan mahaifinsa ba takalmi, ana yi musu ihu har suka sha kwana.

Na riga su isa gida ta bayan layi. Ya shigo ɗaki ya ajiye takalman a bayan ƙofa.

"Ke ce?"

"Ni ce."

Na so ya yi faɗa, bai yi ba. Cewa ya yi, "A da, dariya suke yi masa a zaune. Yau kin sa ya je ya tsaya a tsakiyar fili an yi masa." Ya fita. Daga ranar a ɗakin Inna yake cin abinci, in na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Wata maƙwabciya kuma ta gan ni durƙushe a zaure, don haka kafin sati labari ya gama gari: matar ce ta mallake shi, ta shiga har wajen suruki ba kunya, ta san in ya buga asirinsa zai tonu. A famfo in na iso sai a yi shiru. Iliya ya daina shigowa gidan.

Ana gobe zai koma, da yamma, Baba yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida, abin da ba ya yi, don shi mutumin zaure ne. Babanku ya zo wucewa. Baba yana kallon akuyoyi ya ce,

"Yaron nan. Ɗauko abin naka in gani. A tsaye, ba gudu."

Ya shiga ya ɗauko ƙwallo. Ya tsaya tsakanin turmi da rumbu, ya ɗaga ta da yatsun ƙafar dama, ta hau ƙirjinsa, ta hau goshinsa ta zauna kamar an ɗora tulu, ta gangaro ta bayan wuyansa, ta dawo ƙafa, ba ta taɓa ƙasa ba. Ummi tana ta ƙyalƙyala dariya. Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya, ta manta ita ma bai kamata ta kalla ba. Ya nuna wata tsohuwar ƙwarya da ke kife a kan danga can ƙarshen gida, ya buga a hankali, ƙwaryar ta faɗo, kaji suka watse. Baba ya daɗe yana kallon inda ƙwaryar take.

"To a kan wannan ake ba mutum abinci a can?"

"Eh, Baba."

"Ikon Allah. Turawa ba su da aikin yi." Ya gyara zama. "Sake in gani."

Ya sake, ya sake, har aka kira magariba. Na kasa kunne ko Baba zai yi kuskure ya faɗi sunansa, bai faɗa ba. Da zai tashi alwala dai ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, a saya wa yarinyar nan sabuwar ƙwarya, kuma ni yake nufi, don ƙwaryar tawa ce.

Babanku ya koma, gwiwar ta ci gwaji, aka ɗauke shi a wani ƙaramin garin. Ya ƙara kaka biyu. A ta farko kulob ɗinsu ya hau mataki ɗaya, ya ce tsofaffin garin sun ɗaga shi sama suna kuka, mai burodi ya rufe shago. A Toranke babu wanda ya gani. A ta biyu, ina da cikin Abba, Baba ya kwanta kwana kaɗan ya rasu. Na yi ta buga wa babanku waya yana wajen atisaye, kafin ya ɗauka an dawo daga maƙabarta. Da kakar ta ƙare gwiwar ta fara kumbura, ya tattaro ya dawo gaba ɗaya, da ƙafarsa yake tafiya, ba sanda. Shi ke riƙe da gonar yanzu, da yamma kuma yana koya wa yara a filin nan, bayan ya sa sun cike ramukan da ƙasa.

Mun shirya tuntuni, ba sai na faɗa muku ba. Amma sau ɗaya, ranar da ya fara zuwa kabarin Baba, ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce, "Da kin bar ni, da ya gan ni a fili ko sau ɗaya." Wataƙila da ya buga babu abin da zai same shi. Wataƙila da ya ci su, sunan nan ya mutu a ranar. Ina tunanin wannan in ina tankaɗe, in ina wanki. Sai dai na san ko yau aka mayar da ni bakin zauren nan, zan cire takalmina in durƙusa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan, shekaranjiya Ummi ta dawo daga Islamiyya da hijabi a yage, ta yi faɗa da wata yarinya da ta kira ta 'yar Mai Tumatir. Ta tambaye ni ko gaskiya ne babanta tsoro ya ji ranar. Na ce a'a, amma ta yi ƙanƙanta da sauran bayanin, shi kuwa ba zai taɓa faɗa muku ba, don kada ya ɗora mini.

To ga shi na faɗa. Babanku ɗan ƙwallo ne, ya ci abinci da ita a ƙasar mutane har shekara uku. Ranar nan a shirye yake ya buga, ni na kai maganar, kakanku ya hana, shi kuma ya bi umarnin ubansa a gaban gari guda. Ina roƙonku kada ku ƙara yin faɗa a kan wannan. Wanda kuma takardar nan ta faɗa hannunsa a Toranke ko Gafasa, don Allah in za ka kira shi ka kira shi Nasiru, ka bar 'ya'yana su je makaranta lafiya. In har yanzu kana jin haushin wasan da ba ka gani ba, ni ce, ina gida, ka zo ka faɗa mini.